Kujerar Baya

Maman yara,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya 'yan makaranta? Ni lafiya lau, gwiwar nan ce kawai sanyi ke taɓawa.

Hutun nan ni da abokan aiki za mu nausa arewa a kan babura, can inda gidan mai ke wuya, waya ma ba ta kamawa. In kin ji shiru, kada hankalinki ya tashi, ki dai sa ni a addu'a.

Jiya muka gwada ɗaurin kaya. Kowa ya ɗora nasa a kujerar baya, ni na rataye nawa a gefe. Suka yi ta tsokanata. Har yau in na zo kwana sai na rage gudu, ina jiran ki mintsine ni.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki