Gwarar da ke kan teburinki

Dahye,

Na wuce masana'anta, ban tashe ki ba. Ɗazu na leƙa baranda in ga mazubin abincin tsuntsayen da kika yi wata biyu kina zanawa a kwamfuta kafin ki haɗa shi. Sannu da ƙoƙari. Wata gwara ta zura kai a hujin da gero ke zubowa, kan ya ƙi fita, ta mutu a rataye.

Mamanki ta ce, "Don Allah binne ta, yau yarinyar nan za ta kai wa malaminsu aikin."

Na ƙi. Gwarar tana kan teburinki cikin robar kimci, kabejinmu mai yaji. Ki auna wuyanta da rulata, wadda kika ce ta mutanen zamanin da ce.

Babanki