Kwat Ɗin Aro da Sigarin Kawu

Litinin, 3 ga Maris
Ni aka zaɓa in karanta jawabi ranar rabon kyaututtuka. Ni da ko gaisuwa sai na haɗiye yawu! Malamar ajinmu ta ba ni aron kwat ɗin makaranta, wanda ake ajiyewa don irin wannan rana. Ɗakinmu ba wuri, sai na rataye shi a kabad ɗin Kawu.

Laraba, 5 ga Maris
Na shiga uku. Na kai kwat ɗin gwaji, Malama ta sansana, ta kalle ni sama da ƙasa. "Ke ma kin fara ne?" Ajin ya kwashe da dariya. Warin sigarin Kawu ne, ƙatuwar nan mai kaurin babban yatsa da yake zuƙa taga a rufe. Na san amsar, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Ta ce in har Juma'a yana wari, wata za ta yi jawabin. Kuma kada ruwa ya taɓa shi.

Na fesa turaren Mama. Yanzu wari biyu ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Mama ta ce gawayi na shan wari. Tun jiya na ƙulla shi a tsumma, na cusa a aljihunan kwat ɗin da hannuwansa, yau na shanya shi a inuwa iska ta buge shi. Ya yi! Har rawa na taka a bayan ƙofa.

Ina shigo da shi, sai ga hayaƙi yana silalowa ta ƙarƙashin ƙofar Kawu, kai tsaye zuwa ɗakinmu.

Na daɗe tsaye a bakin ƙofarsa, sannan na yi sallama.

"A'a, Shiru-shiru! Yau a gari?"

Ban san inda maganar ta fito ba. Na faɗa masa komai, har dariyar aji. Na ce don Allah ya riƙa sha a waje. Ya kalli sigarin, sannan ya murƙushe ta. "Ashe kina da baki, muka zauna muna tausayinki?" Shi da kansa ya cire labulayen ɗakinsa da suka sha hayaƙi, ni na goge bango da lemun tsami.

Juma'a, 7 ga Maris
Malama ta sansana wuya, ta sansana aljihu. "To, madalla." Na ci!

Asabar, 8 ga Maris
Yau ne rabon kyaututtuka, Kawu ya ce sai ya zo. Na ba shi kanumfari a hanya, na ce kar ya gaida shugabar makaranta sai ya tauna. "Yau kuma ni ake wa doka." Amma ya tauna. A layin gaba ya zauna, tafinsa ya fi na kowa ƙara.

Na karanta jawabina tiryan-tiryan har ƙarshe. Bayan na fuskanci Kawu, zauren nan duk bai kai abin tsoro ba.

Da aka tashi, Malama ta tambayi masu son shiga ƙungiyar muhawara. Ba wani abu ba ne, ina jin hannuna ne kawai ya ɗaga kansa.