Ƙasar da Aka Ɗauko a Ka

Litinin, 5 ga Mayu

Ina sanar da al'ummar duniya, na kusa da na nesa, cewa yau na sayi siminti buhu huɗu. Tarihi ya shaida.

Gonar da Baba ya bar mini a jikin dutse hawa-hawa ce, kamar duk gonakin garin nan, kowane hawa da katangar duwatsun da ke riƙe da ƙasarsa. Duwatsun jera su kawai aka yi, ba laka ba komai, duk giɓi. Shekara ashirin da shida ina koyar da tarihin manyan dauloli, ba zan zauna dankalina yana jingine da katanga mai wushirya ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Magini ya liƙe giɓin tsaf. Gwaggo ta hawo da sandarta ta tsaya tana kallo. "Malam mai littafi, ka toshe mata hanci, ta ina za ta yi numfashi?" Na yi mata bayani na ilimi. Ta ce Allah ya ƙara basira, irin yadda ake faɗa wa wanda ba shi da ita.

Asabar, 17 ga Mayu

Kasuwa. Manyan motoci tara suka sauka da kabeji da karas da dankali, direbobin sai rawar ɗari suke. Gari ɗan mitsitsi yana ciyar da biranen da ba su san da shi ba. A duk littattafaina layi biyu aka ba mu, ɗayan ma kuskure ne.

Laraba, 11 ga Yuni

Ruwa tun hantsi. Ya taru a bayan katangar bai sami mafita ba, da la'asar ta fashe. Rabin gonata yana kwance a gonar maƙwabcina na ƙasa. Uwargida ta dube ni, ta juya ta shige ɗaki. Gara ma a ce ta yi faɗa.

Alhamis, 12 ga Yuni

Inda ƙasar ta zube, dutse ne tsirara, sumul kamar tafin hannu. A gefen da ya tsage kuwa ƙasa ce kala-kala a jere: baƙa, ja, sai yashi mai ƙananan tsakuwoyi masu santsi, irin na rafi. Rafin kuma yana can kwari, tafiyar sa'a guda.

Gwaggo ta ce, "To da kana zaton nan ta tsiro? Kwando-kwando aka hawo da ita. Kakata har ta koma ga Allah gashi bai fito a tsakar kanta ba."

Na ɗaga kai. Hawa bisa hawa, kore shar, har inda gajimare ya rufe. Duk a ka. Sai da na nemi wuri na zauna.

Lahadi, 22 ga Yuni

Dole katangar ta tashi kafin wani babban ruwa, in ba haka ba sauran ƙasar ma ta bi. Gwaggo na zaune tana nuni da sanda: "Juya shi, bawan Allah, dutse a kan cikinsa yake kwanciya. Bar wa ruwa hanyarsa." Da yamma ina kwaso ƙasata daga gonar maƙwabci. Kwando goma sha ɗaya, taku arba'in kacal, wuyana ya sage.

Rabin dankalin ya tsira.

Gwaggo ce da gaskiya. Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.