Rimot ɗin esin amarya yana hannuna

Assalamu alaikum Anti Ummukulsum,

Don girman Allah kar ki sa saƙona a layi, domin ranar Asabar mai zuwa Baba zai je ya ci mutuncin wani bawan Allah a Kano, kuma ni ce sanadi. Ban taɓa faɗa wa kowa damuwata ba. Ko baƙi aka yi a gida, ɗaki nake shigewa. Wannan ma sau uku ina rubutawa ina gogewa, a tsohuwar wayar da yayata ta bar mini.

Shekarata goma sha shida. Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Baba manomi ne, tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Ɗaki ɗaya muke kwana da yayata Saliha, wadda za a ɗaura wa aure nan da mako biyu da wani mai suna Mudassiru, mazaunin Kumbotso. Suna son juna sosai, kowa ya sani.

A ɗakinmu akwai tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, esi irin na da, wanda ake fasa bango a zura shi. Marigayi kakanmu ne ya saye shi a gwanjo tun kafin a haifi Baba ma ina jin. In an kunna shi ƙara yake kamar injin markaɗe, ruwa na ɗiga ta baya, har na dasa na'ana'a a gwangwani a inda yake ɗigar. Amma Anti, yana sanyi. In aka kawo wuta da rana tsaka, na dawo daga makaranta, sai in rufe ƙofa in saki labule in ɗauko littafin soyayya. Kin san a littattafan nan yarinya ba ta shiga ɗaki sai an ce sanyin esi da ƙamshin turare sun tarbe ta. To ni ma a wannan awa ɗaya ko biyu, sai in ji ba a ƙauye nake ba. Ba ni da saurayi, ba ni da ƙawaye da yawa. Shi ke nan abin da nake da shi.

Bara da bazara wuta ta zo da ƙarfi, esin ya yi wani irin tari, ya tashi da warin ƙonewa, ya mutu. Baba ya kira Dattijo mai gyaran firij daga Kura. Ya buɗe ya duba ya ce injin cikin ne ya ƙone, wai wannan esi ya girmi shi kansa, a bar tsoho ya huta. In an dage sai an gyara, inji na hannu da iskar gas da kuɗin aiki za su haura dubu ɗari, kuma ba zai rantse ya kai wata bazarar ba. Sabo kuwa, irin mai biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ya kusa dubu ɗari huɗu. Ya ce kuma ba nan kuɗin ya tsaya ba: ga bututu, ga ƙarfen da za a ɗora na wajen, ga na'urar daidaita wuta don kar a maimaita, ga mai haɗawa, ga bulo da siminti na toshe ramin tsohon. Ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya cire hula ya sosa kai, ya ce a bari tumatir ya nuna.

Anti, wannan maganar na riƙe shekara guda. Da aka fara ɗiban tumatir bana, ni na fi kowa yankan na shanya. Yatsuna har sun tsattsage, ruwan tumatir na shiga yana zafi, ban taɓa cewa na gaji ba. Umma har tana mamaki, wai yau kuma 'yar littafi ce da wuƙa tun safe. A raina kowane kwando da aka ɗora a mota, esinmu ne yake matsowa.

Allah ya sa kasuwa ta yi kyau. Wata Laraba da yamma sai ga a-kori-kura a ƙofar gida da manyan kwalaye biyu, hoton esi fari tas a jiki. Wallahi ban san lokacin da na ɗauki tsintsiya na hau share ƙasan bangon ba. Ina cikin shara Umma ta shigo tana fara'a, ta ce in matsar da katifata a ajiye su a nan, kayan ɗakin Yaya Saliha ne, ɗakinmu ya fi tsaro.

Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan.

Daga baya na ji Baba yana gaya wa ƙanwarsa, Gwaggo Zuliha, cewa dangin Mudassiru 'yan birni ne, ba zai yarda a je jere a ce 'yar manomi ta zo da kayan ƙauye ba, kuma unguwarsu ana samun wuta. Ba wanda ya tuna da ni. Ba wanda ya ce ko da yi haƙuri ne.

Sati biyar kwalayen nan suna gefen katifata. Ga zafin bazara, kwanon rufi kamar a gasa gurasa, ni da mafici, ga sabon esi a kwali yana kallona. Yaya kuwa in ta shigo sai ta shafa kwalin ta yi dariya, ta ce in na je mata hutu zan sha sanyi har in yi mura, amma in zo da bargona don ba za ta ba ni na amarci ba. Wasa take, na sani. Amma sai in ji kamar ta watsa mini barkono. Komai ita ce. Ita ce mai baki, ita ce ake tambaya in an zo gaisuwa, ni sunana ma "ƙanwar Saliha". Takalminta nake sawa in ta gaji da shi, wayarta, jakarta. Tana da mai kiran ta safe da yamma yana tambayar ko ta ci abinci. Abu ɗaya tak da na sa rai a kai, shi ma ita aka ba.

Ranar wata kasuwar Bunkure kowa ya fita, na rage ni kaɗai. Na ce bari in leƙa kwalin esin kawai in ga yadda yake. Na yanka salatif ɗin da reza, na ɗaga, ledar ciki ta yage a hannuna. Sai ga rimot ɗin, fari, siriri, a 'yar jakarsa. Na riƙe shi na nuna bangonmu ina dannawa, ina jin kamar ni ce matar gidan. Sai na ji sallamar Umma. Na rufe kwalin da sauri, na zura rimot ɗin a bayan murfin tsohon esinmu. Washegari na sayo salatif a shago na manne kwalin. Na samu damar mayar da rimot ɗin a lokacin, Anti, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban mayar ba. Na ce ko wannan ɗan abin ya zama nawa.

Shekaranjiya Gwaggo Zuliha ta raka kwalayen zuwa Kumbotso don a haɗa kafin ranar jere. Yayar ango tana wurin. Ta ga salatif kala biyu, ta ga leda a yage, mai haɗawa ya nemi rimot babu. A gaban mata ta ce, ashe na hannu ne aka yi wa sabuwar riga, ai da sun faɗa da an taimaka musu. Gwaggo ta dawo tana huci, ta ce tun da take ba a taɓa yi mata irin wannan kallon ba.

Yaya ta wuni tana kuka, ta ce yanzu da wannan sunan za ta shiga gidan, matar da iyayenta suka yi algus. Baba ko abinci bai ci ba. Ya ɗauko rasit ya ce mai shagon da ya sayar masa da esin a Kano ya cuce shi, mutumin da suka shekara goma tare, a wurinsa ya sayi injin ban ruwansa. Ya ce yana gama ban ruwan albasa ranar Juma'a, Asabar zai je da mutane biyu, sai duk layin sun ji. Ba wanda ya kalle ni. Umma ma cewa ta yi ɗakin ba mai shiga sai wannan baiwar Allah da ko kaza ba ta iya kora.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, da na fara jin labarin, wani daɗi ya ɗan ratsa ni kafin kunya ta zo. Na ce yau dai ita ma ta ji. Anti, ni muguwa ce? Ina son yayata wallahi, ita take yi mini kitso. Na yi tunanin in jefa rimot ɗin a magudanar ruwa in huta, ko in saka shi cikin akwatinta a ce can ya faɗa. In na buɗe baki zan faɗa, sai muryata ta maƙale. Me zan yi?

Ƙanwar Amarya, daga yankin Bunkure


Wa alaikumus salam, 'yata.

Na tura miki wannan amsa ta waya tun ranar da saƙonki ya iso, saboda Asabar ba za ta jira jarida ba. Na buga ta ne don masu irin damuwarki.

Ke ba muguwa ba ce. Muguwa ba ta rubuto wasiƙa tana tsoron zuciyarta. Kishi ne ya kama ki, kuma yana da tushe: kin ji magana kin ɗauke ta alkawari, kin yi wahala a kanta, aka wuce ki ba ko bayani. Wannan da ciwo, ba zan ce miki babu ba. Amma abin da kika yi laifi ne, kuma yanzu mutum uku ne suke biya: yayarki, mahaifinki, da mai shagon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ki cire rimot ɗin yau, ki kai wa Umma. Tunda murya tana maƙale miki, ba sai kin shirya jawabi ba. Ki sa mata shi a hannu ki ce ke kika buɗe kwalin. Sauran maganar za ta biyo da kanta. Kar ki jefar, kar ki cusa a akwati. Rimot kayan arha ne, ana samun wani a kasuwa. Abin da ya ɓace shi ne shaidar cewa mahaifinki sabo ya saya, kuma ke kaɗai ce mai wannan shaidar. In rimot ya fito daga akwati, wa zai bayyana salatif kala biyu?

Umma ta san yadda za ta tari Baba kafin ya fita. Za a yi faɗa, wataƙila mai zafi. Ki tsaya ki ɗauka. Daga nan Gwaggo ta koma Kumbotso da rimot da rasit da takardar garanti, ta samu yayar ango a gaban matan da suka ji maganar farko, ta ce ƙanwar amarya ce ta buɗe don ɗoki. Gaskiya ce, kuma ta ishe su. Zancen kishi na cikin gidanku ne.

Yanzu ki duba ta wajen mahaifinki. Ke da kanki kika ji lissafin Dattijo. Idan aka haɗa komai, sauya esin ɗakinku zai ci abin da ya kai rabin miliyan, kuma a garin da wuta take zuwa awa ɗaya ko biyu. Manomi mai aurar da 'ya, ga taki ga man inji suna jiran sa, ba zai sayi biyu a shekara ɗaya ba. Ya zaɓi inda yake tsoron a raina 'yarsa. Ranar da naki auren ya zo, wannan tsoron ne zai sa ya yi miki. Ya yi kuskure da bai zaunar da ke ba, amma ina kyautata zaton bai ma san kina jira ba. Yarinya mai shiru sau da yawa ana ɗauka ba ta son komai.

In biki ya wuce, hankali ya kwanta, ki gaya masa abin da kike so da bakinki, ko ki rubuta, tunda kin iya rubutu. Shawarata kar a zuba kuɗi a gyaran tsohon. A sayar wa masu sayen ƙarafa, akwai jan ƙarfe a cikinsa mai daraja. Ramin a sa masa raga ya zama taga. Abin da aka samu a cika a sayi fanka mai aiki da hasken rana. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na esi ba, kuma ba ruwanta da an kawo wuta ko ba a kawo ba. Littattafanki kuwa ki ci gaba da karantawa, sai dai ki tuna marubutan ba sa faɗin kwando nawa aka sayar kafin ɗakin ya yi sanyi.

Saura Saliha. Kar ki bari ta ji a bakin wani. Ki same ta ku biyu, ki faɗa mata har da abin da ya sa. Za ta yi fushi, tana da hakki. Amma kwanakin da suka rage muku a ɗaki ɗaya ba su da yawa, kuma in ta tafi ba za ta dawo ta zauna ba. Gara ta yi kwana biyu ba ta kula ki, da ta shiga gidan mijinta kanta a ƙasa saboda abin da bakinki zai iya gyarawa yau.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran iyayenki, ya ba amarya zaman lafiya da mutunci a gidanta. Tashi ki je wurin Umma.

Anti Ummukulsum