Shingen Kajin Maman Ummi

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai jego da ɗan jaririn da ya ƙwace mini mata. Mu nan garin Lafia ƙalau muke, ni da kajinki, sai dai sun fi ni ƙiba.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ina kira, amma da na fara magana sai yaro ya tsala kuka, ki ce in dakata. Takarda ba a katse ta. Torkuma direba zai kawo miki ita tare da doya.

Tun da kika tafi Kaduna wankan jegon Ummi, kajin nan suka daina ganin girman kowa. Sun haura lambun maƙwabciyarmu Madam Seember, sun cinye mata alayyafo tas. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai leƙo ta katanga ta tambaye ni yaushe Mama za ta dawo. Shirwa ma ta sure ɗan tsako a gabana, ina zaune ina karanta yadda mutanen da suke kare garuruwansu da ganuwa.

Na je kasuwa neman wayar shinge. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta, na tambaye shi ko har da kajin a ciki. Bai yi dariya ba. Fanshon malamin makaranta bai kai nan ba, zan nemi wata dabara.

Ki gaida Ummi da maigidanta.

Naki,
Sharfaddeen

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya sanyin Kaduna, yaya ƙafar taki? Ina fatan kina shafa maganin.

Na samo zana da gora a Assakio da araha, na kafa shinge da hannuna. Na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya gina birni. Awakin maƙwabcinmu Hamman suka ci sama, gara ta ci ƙasa, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Gorar ce kaɗai ta tsira.

Madam Seember ce ta ce a ƙauyensu tsohon gidan sauro ake ɗaurawa, ya hana kaji fita, ya hana shirwa sauka. Na duba gidan kaf, babu mai faɗin da zai isa sai na babban gadonmu. Na kwance shi. Kada ki damu da cizon sauro, na daɗe da komawa ƙaramin gadon falo. Wancan ya yi mini yawa.

Yanzu kajinki suna kwana cikin abin da muka kwana ciki shekara da shekaru, kuma ba su gode ba. Da la'asar nakan watsa musu dawa, in gwada kiran da kike yi musu. Sukan ɗaga kai su duba ƙofar kicin, su ga ni ne, su ci gaba da tono. Ban ga laifinsu ba. Ni ma nakan duba.

An yi arba'in tuni, ko a Kaduna lissafin daban ne?

Naki,
Sharfaddeen

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida takwarana, Allah ya raya shi.

Ummi ta kira ni. Ta ce ta koma aiki, babu mai riƙe yaro, za ki zauna sai an yaye shi. Ta ce in sayar da kajin in huta da wahala. Ta yi maganar cikin ladabi, irin na wadda aka aika. Na so a ce daga bakinki na ji, amma na san da ke ce da ba ki iya ƙarasawa ba.

Ban sayar ba. Ki gaya mata Babanta bai iya ciniki ba, ta sani. Kazar nan taki wake-wake ma ta hau kwanci, ba a kai mai kwanci kasuwa. Idan ta ƙyanƙyashe zan sami wani dalilin.

Shinge ya zauna daram, shirwa na ta shawagi a banza. Makon jiya na yi masa ƙofa da ragowar gora. Sai da na gama na lura daidai tsayinki na yi ta. Kullum da safe sai na buga goshi, har Madam Seember ta ce in ɗaga ta mana, aikin minti kaɗan ne.

Na ce mata a bar ta haka.

Naki har kullum,
Sharfaddeen