Jimlar da Ban Fassara wa Alhaji Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana. Ba tausayi nake nema ba, amma kada a yanke mini hukunci sai an kai ƙarshe.

Ranar wata Asabar, mako biyu bayan ƙaramar Salla, ƙarfe goma da rabi na safe, a filin wani dillalin motoci a Dogon Dutsi. Mu huɗu ne: dillalin, makanikinsa ɗan Togo wanda ba ya jin Hausa, ni, da taubashina ɗan kawuna, wanda zan kira Alhaji. Ni mai karanta labarai ne a rediyo, fassara daga Faransanci ita ce sana'ata shekara goma sha shida. Shi Alhaji ya bar lakwal, makarantar boko ke nan, tun aji huɗu, ya shiga cinikin gero da wake a Tibiri, ya samu, ya ɗage wando, ya fara gyara wa kowa salla. Ya ɗauko ni ne in yi masa tafinta, kuma tun a hanya ya fara, da kiran da ake yi wa 'yan boko: "Mushe, kai dai baki gare ka kamar minista, amma babur ɗinka sai an tura." Wasan taubasai ne, na sani. Amma a gaban dillali ya maimaita, sau biyu.

Ƙananan motocin shiga daji uku ne, kat-kat, duk na hannu: mai shan esansi, wato fetur, mai shan gazuwal, wato dizal, da wata fara mai caji da kuran, wutar lantarki. Kowane mai hankali da ya san hanyar Dumega da damina, da yadda kuran ke ɗaukewa a Tibiri, ya san wadda zai ɗauka. Alhaji kuwa farar ya tsaya yana shafawa, don babu mai irinta a duk Arewa. Makanikin ya dube ni ya yi bayani dalla-dalla da Faransanci: jikinta lafiya, ba ta taɓa haɗari ba, amma batirin ya gaji, allon motar zai nuna a cike alhali rabi ne, kuma in zafi ya yi za ta mutu ba sallama, gara Alhaji ya ɗauki mai gazuwal. Alhaji ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Ya ce jikinta lafiya, ba ta taɓa haɗari ba." Ban ƙara ko harafi ba, shi kuwa ya biya kuɗin farar. Ban yi ƙarya ba, ko? Haka na riƙa gaya wa kaina, ni da ban taɓa yanke jimla a labaran rana ba. So nake in ga mai yi wa babur ɗina dariya yana tura motarsa, shi ke nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne Inna. Yayar mahaifiyata ce, gwaggonsa, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, kuma tsohuwar 'yar bori ce a Dumega. Da ya kai motar gida, ta fito da ƙwarya da ruwan gumba za ta yayyafa wa tayoyi, yadda take yi wa kowace sabuwar amalanke a gidan. Ya tare ta a gaban jama'a: "Gwaggo, ajiye shirkarki, wagga mota ba ta shan gumba." Ta ajiye, ta ce, "To, ɗana. Hanya dai da masu ita." Ta koma ɗaki.

Cikin wata guda motar ta mutu sau uku, allon yana nuna a cike. Na ukun da tsakar rana, gindin wata tsamiya kusa da Kiyeshe, sai shanu suka ja ta. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Sai gari ya ɗauka cewa aljana doguwa ce ta riƙe motar, kuma Inna ce ta aiko ta. Wa ya fi kowa yarda? Alhaji. Mutumin da ke wa'azi cewa iskokin Inna tatsuniya ne, shi ne ya tsaya ƙofar masallaci yana rantsuwa ta yi masa sihiri. Ya kira masu ruƙiyya uku suka tofa wa batiri. Ya hana iyalinsa kai mata tuwo. Matan da suka shekara talatin suna sayen daddawarta yanzu suna kewaye ƙofarta. Duk garin, da masu gemu da masu takardar lakwal, babu wanda ya ce a kira makanike. Na raina su ƙwarai. Amma su jahilci ya sa su, ni fa?

Makon jiya Inna ta hau motar kasuwa ta zo har gidan rediyo. Ta zauna a ƙasa ta ƙi kujera. Ta ce, "Kai da duniya ke jin muryarka, hwaɗa musu ban riƙe motar kowa ba. Ni da nig goya shi, in tsai da shi cikin rana?" Na ce mata, "Inna, a yi haƙuri, za a bincika." Da muryar labarai na faɗa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ba ni daddawar da ta ƙullo mini.

Idan na faɗi gaskiya, Inna ta wanku, ni kuma na zama tafintan da ya ci amana, a gidanmu da wurin aikina. Idan na yi shiru, za ta mutu da sunan mayya. Shekaranjiya ta kwashe kayanta ta koma rugar wata ƙawarta a bayan Dumega. Dillalin zai dawo daga tafiya ranar Asabar da makanikin, kuma Alhaji ya aiko in raka shi wurinsu kan maganar motar. Makanikin zai ce ai ya yi gargaɗi tun ranar farko. Da Faransanci zai faɗa, Alhaji zai juyo ya tambaye ni abin da ya ce.

Jama'a, me zan yi?