Majigin Eleuterio Mai Agogo

Valparaíso, 11 ga Afrilu, 1897

Yaya Rosaura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Matata Clorinda tana gaishe ki.

Yaya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani Bature ya sauko daga jirgin ruwa da majigi, akwatin da ke haska hoto mai motsi a bango. Ran Talata majigin ya ƙi juyawa, aka ce a nemo mai gyaran agogo, aka kira ni. Hotunan suna jere a kan wani dogon abu siriri kamar ɗamara, fim suke ce masa, fitila tana haska shi ta baya. Da na gyara, mutumin ya juya mariƙi, sai ga doki yana sukuwa a jikin zanin gado!

Amma hoton rawa yake yi har ido ya kawo ruwa, kuma fitilar tana gasa fim ɗin har ka ji ƙauri. Na ce masa zan iya ƙera wanda ya fi wannan. Ya yi dariya ya ce in koma wa agogona. Na sayi tsofaffin fim biyu a wurinsa, na fara aiki.

Ƙanenki,
Eleuterio

Chillán, 20 ga Yuni

Eleuterio,

Ina gaishe ka, ina gaida baiwar Allahn da ke haƙuri da kai.

Doki a zanin gado! Mu nan doki yana bakin ƙofa, kyauta ake kallonsa, har kashinsa muke kwashewa. Shekara arba'in Baba ya yi a kan teburin nan kafin ya bar maka shagon, ba don ka mayar da shi ɗakin wasa ba. Fada, limamin cocinmu, ya karanta mana a jarida cewa irin akwatin nan ya ta da gobara a Faris, mutane da yawa sun mutu. Ka ji ko?

Ga buhun wake nan na aiko. Ka ci, ko hankalinka ya dawo.

Yayarka,
Rosaura

Valparaíso, 2 ga Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa, wake ya iso, mun gode. Kada ki damu da rubutun nan, alƙalamin ne ba shi da kyau.

Na gano maganin rawar hoto, kuma a keken ɗinkin Clorinda na gano shi. Kin san haƙoran da ke jan yadi, su tsaya allura ta shiga, su sake ja? Haka nawa yake jan fim. Hoto ya zauna daram.

Saboda gobarar da kika ambata, hukumar gari ta hana nuna majigi. Ban ga laifinsu ba. Ke nan wutar ce ta rage mini, ita ma zan yi maganinta. Lafiyata ƙalau.

Eleuterio

Valparaíso, 19 ga Agusta

Yaya Rosaura,

Ina durƙusawa in gaishe ki. Ni ce Clorinda. Eleuterio bai san na rubuto ba.

Ba alƙalami ba ne, da hagu ya rubuta miki. A watan jiya fim ya kama da wuta yana gwaji, ya damƙe shi da hannu don kada labule ya kama. Yatsu biyu na damansa sun ƙage. Likita ya ce ƙananan agogo sai dai ya kalla.

Na yi kuka, na yi faɗa, na ɓoye fitilar a cikin tukunya. Shi kuwa sai ya zauna yana zane da hagu. Bayan kwana huɗu na fito masa da ita.

Yanzu ya sa kwalbar ruwa tsakanin fitila da fim, ruwan yana shanye zafin, hasken yana wucewa. Ya kuma yi wani marufi da ke faɗowa ya tare fitila da zarar an daina juyawa.

Jiya wani mai suna Don Fermín, mai gidan wasan kwaikwayo, ya zo, ya duba, ya ce, “Zan saya. Amma sunan kamfanin Faransa za a manna, wa zai biya ya kalli abin da aka ƙera a bayan kasuwa?”

Eleuterio ya ce, “Ranka ya daɗe, a bayan kasuwar aka ƙera shi.”

“Da wannan hannun me za ka ci?”

“Ai bakina bai ƙone ba. Ka sauka lafiya.”

Yaya, kada ki ce ya bari, ni ma na daina cewa. Abin da ya rage mana shi ne wurin nunawa, ga shi Don Fermín ya rufe mana nasa.

Ƙanwarki,
Clorinda

Chillán, 28 ga Agusta

Eleuterio,

Gaisuwar Clorinda ce, kai ba ka da ita. Alƙalami! Ni za ka yi wa ƙarya, ni da na goya ka?

Ɗan kasuwar da ke sayen wakena, Don Abelardo, yana da rumbun ajiya a bakin tashar jirgin ruwa, babu komai ciki sai ɓeraye. Na zaunar da shi, ban bar shi ya tashi ba sai da ya ce to. Je ka karɓi makulli. Ƙofa uku gare shi, na tambaya.

Ka riƙa shafa wa hannun mai.

Rosaura

Valparaíso, 26 ga Satumba

Yaya,

Na amsa laifina, ina gaishe ki duk da haka.

Jiya shugaban 'yan kwana-kwana ya zo rumbun da mutum shida, kowa da bokiti. Clorinda ce ta juya, hannunta ya fi nawa daidaito tun kafin ƙunar. Ana tsakiyar kallo na ce ta saki. Marufi ya faɗo, fim ko ɗumi bai yi ba.

Shugaban ya ce, “In marufin ya maƙale fa?”

Na sa hannu na ɗaga marufin, na bar fim tsaye a gaban fitila, kwalbar ruwa kaɗai ke tsakaninsu. Masu bokiti suka matso. Shugaban ya ciro agogonsa ya ƙidaya minti biyar, sannan ya ɗora yatsa a kan fim ɗin. Ya daɗe bai ɗauke ba. Sai ya ce, “Ku zubar da ruwan nan. Malama, juya mana, ban ga ƙarshen ba.”

Ya sa hannu a takardar izinin nunawa. Ran Asabar mai zuwa za mu buɗe, kuɗin shiga 'yan canji ne, santabo ashirin, don masu dako da masu wanki su iya shiga. Na zana sunan gidanmu, Quilodrán, a jikin akwatin. Ya karkace, amma yana karantuwa.

Ƙanenki,
Eleuterio

Chillán, 29 ga Satumba

Eleuterio,

Na gaishe ka, yau ka ci gaisuwa. Ina tafe a jirgin ƙasan Juma'a, ni da yara. Zan biya kuɗina kamar kowa. Ka ajiye mana benci kusa da ƙofa.

Yayarka,
Rosaura